Kwalba Ɗaya, Yara Bakwai

Ni wanzami ne, ɗan wanzami. A Garo aka haife ni, a nan nake har yau. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Kun ce in ba ku labarin sana'a, ku da kuka sayi reza da auduga a kemis kuka ce kun iya kaciya. To ku zauna. Ba na son tsawaita magana.

Yankan ba shi ne aikin ba. Yanka numfashi uku ne, mahauci ma ya iya. Aikin yana farawa bayan ka ajiye aska.

Shekara tara ina bin babana da zabira kafin ya bar ni in taɓa yaro. Shekarar farko wasa aska kawai nake yi. Dutsen wasa, ɗigon ruwa, sai fata. In na gama ya gwada a gashin hannunsa. In gashi bai faɗi da kansa ba, ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba. Daga nan na yi askin kabewa, sannan kan tsofaffi marasa ƙorafi a ranar kasuwa, sannan ƙaho. Ranar da ya fara tafiya da ni kaciya na ɗauka aska zai ba ni. Tabarma ya ba ni. Ya ce in zauna a bakin ɗakin yaran in san wanda ya yi fitsari da wanda bai yi ba. Da safe in ya zo, kafin ya amsa gaisuwata sai ya ce, "Wa ya yi?" In faɗa. "Wa bai yi ba?" In na ce ban lura ba, ranar ba ni da abinci. Na ɗauka mugunta ce. Sai da na girma na gane duk sana'ar tana cikin tambayar nan.

A lokacinmu ba a yi wa jariri. Sai yaro ya kai shekara shida ko bakwai, kuma sai sanyi ya shigo, don ciwo ya fi bushewa. A tara yaran gida da na maƙwabta a yi musu rana ɗaya. A haƙa rami a bayan gida, ƙato ya riƙe yaro ta baya, ka yi bisimilla ka yanke, jini ya zuba a rami, ka barbaɗa garin bagaruwa. Sai a ɗaura masa kara tsakanin gwiwoyi don kada cinya ta goge ciwon. A kwantar da su ɗaki ɗaya, a sa tsohuwa ta riƙa kula da su har ranar fita.

Ɗakin nan yana da doka, kuma wanzami ne yake faɗin ta da bakinsa ranar farko. Duk abin da ya shiga ɗakin na kowa ne. In kawun wani ya kawo kaza, a yayyaga ta kowa ya samu. In an kawo rake, a sare shi gaɓa-gaɓa. Ba ɗan mai gida, ba ɗan maƙwabci. Babana yana cewa yaron da ya ga ana ci bai ci ba, ciwonsa ba ya saurin warkewa. Na yarda da shi. Na faɗi dokar nan a gidaje da yawa, da ƙarfi nake faɗin ta.

Shekarar da ta ba ni wuya ita ce ta tsuke bakin aljihu. Waɗanda suka girma a lokacin sun sani. Sabulu ya ɓace, madara ta ɓace. Ka je asibiti likita yana nan, gado yana nan, magani babu. A rubuta maka takarda a ce je ka nemo. A sanyin shekarar aka kira ni wani ƙauye a gefen Durun, gidan Malam Ya'u, manomi ne mai ɗan karatu. Yara bakwai. Nasa ɗaya ne a ciki, Hamisu, sauran na 'yan'uwa ne da maƙwabta. Mai kula da ɗaki uwar Malam Ya'u ce, Goggo Dije. Tsohuwa ce mai ƙarfi da baki. Tun babana take riƙe ɗakin kaciya a ƙauyen.

Aikin ya yi kyau. Ban ga kuskure a hannuna ba, har yau ban gani ba. Na tsaya a bakin ɗaki na faɗi doka.

Goggo Dije ta ce, "Wanzam, ni za ka koya wa? Lokacin da nake raba kaza a ɗakin nan kai majina kake sha."

Aka yi dariya. Na tafi.

Washegari na dawo da hantsi na yi tambayar babana. Shida sun yi. Hamisu bai yi ba. Gaban ya kumbura fiye da na sauran, ya gwada sau ɗaya ya ji zafi, ya riƙe. Na yi abin da na sani. Na sa aka ɗumama ruwa na zaunar da shi a ciki. Na ɗora masa tsumma mai ɗumi a mara. Na tsaya kusa da shi ina tsiyayar da ruwa daga buta ya ji ƙara. Na yi masa tsawa, na lallashe shi. Ko ɗigo. Kafin azahar mararsa ta yi tauri kamar fatar ganga, in ka taɓa ya yi ihu. Goggo ta ce a jiƙa masa saiwa. Na ce a'a, ƙara masa ruwa za a yi a cikin da ba ya fita. Na ce wa Malam Ya'u a nemo mota.

A bayan a-kori-kura muka kai shi asibiti, yana kan cinyata, karan yana ɗaure a gwiwarsa. Malamin asibitin da ya karɓe mu a ɗakin yara sunansa Malam Sabo. Gajere ne, ba ya murmushi. Ya dubi ciwon ya dube ni.

"Sarkin aska, aikinka ne?"

"Nawa ne."

"Yankan ba laifi. Riƙe min ƙafafunsa."

Ranar na fara ganin robar fitsari. Siririya ce mai laushi. Ya wanke hannu, ya wanke wurin, ya shafa mata mai, ya zura ta ta inda fitsari yake fita har cikin mafitsara. Yaron ya yi ihun da bai yi ba ranar aska. Sai fitsari ya biyo robar ya sauka a leda. Ya yi ta zuba. Marar ta saki ina kallo. Hamisu ya yi barci kafin a gama ɗaure ledar a jikin gado.

Kwana huɗu robar tana jikinsa, suna jira kumburin ya sauka. Ina zuwa kullum. Rana ta huɗu Malam Sabo ya zuƙe wani ɗan ruwa da sirinji ta gefen robar, ya zare ta a hankali. Muka zauna jira. Da la'asar yaron ya yi fitsari da kansa a fo, yana kuka amma ya yi. Likita ya rubuta takarda. Malam Ya'u ya shiga kemis uku kafin ya samu, kuma kwalba ɗaya ta rage a shagon. Maganin ruwa ne, ruwan hoda, ƙaramar kwalba da ɗan cokalinta. Ya kawo, ya fita neman mota. Saboda haka ni Malam Sabo ya yi wa bayani.

Ya ce, "Ka ji da kyau. Roba hanya ce. Fitsari ya bi ta ya fita, ƙwayar cuta ma tana iya bin ta ta shiga. Kwana huɗu ƙofar a buɗe take, ga ciwon kaciya a bakin ƙofar. Yanzu lafiyarsa ƙalau. Wannan don kada ciwon ya tashi ne. Cokali ɗaya safe, ɗaya yamma, har kwalbar ta ƙare. Kwana biyar za ta yi ko shida. Ka gane?"

Na ce na gane.

Muka koma ƙauye. Aka mayar da Hamisu ɗaki cikin 'yan'uwansa, suna ta tsokanarsa wai an sa masa tiyo kamar injin ban ruwa. Na miƙa wa Goggo Dije kwalbar. Na ce maganin rigakafi ne, cokali safe, cokali yamma. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ina da askin suna a Kabo washegari da ƙaho a Garo jibi, hankalina yana can. Na hau keke.

Kalma biyu na bari ban faɗa ba. Hamisu kaɗai.

Kwana uku na yi kafin na dawo wankin ciwo. Tun daga ƙofar gida na ji gidan shiru. Yaran shida suna zaune a rana suna shan kunu. Hamisu yana ciki a kwance, an rufe shi da bargo biyu, haƙoransa suna haɗuwa. Na taɓa goshinsa na janye hannu. Uwarsa ta ce daga bayan labule tun jiya yake amai, kuma in zai yi fitsari sai ya ƙanƙame tabarma. Yana yi kaɗan-kaɗan, yanzu da anjima. Na duba kaciyar. Tana bushewa lafiya. Na ce a kawo min kaskon da yake fitsari a ciki. Na fita da shi haske. Ya yi kauri kamar ruwan wankin gero, warinsa ba na fitsarin yaro ba ne. Na danna masa kwiɓi ta baya, ya zabura.

Wani ya ce zazzaɓin sauro ne. Wani ya ce baki ne, an yi ta maganar yaron tun da ya je asibiti. Na ce a kawo min kwalbar magani.

Goggo Dije ta kawo ta. A wanke take tas. Ta zuba man kaɗanya a ciki.

"Goggo, ina maganin?"

"Sun sha."

"Su wa?"

"Su wa kuma? Yaran ɗaki. Da safe kowa cokali. Da yamma na ga ba zai kai ba na yi musu rabi-rabi. Na ɗauraye kwalbar na ba ƙaraminsu, don shi aka tauye."

"Rana ɗaya ya ƙare?"

"Yo kwalbar me ce a cikinta? Kai ma ka ga girmanta." Ta kalle ni. "Ba kai ka ce rigakafi ba ne? Su sauran ba ciwo ne a jikinsu ba? Ko 'ya'yan maƙwabta ba a yi musu rigakafi?"

Ba ta yi ƙarya ba, ba ta yi son kai ba. Jikanta na cikinta ta rage wa ta ba na wasu. Dokar da na faɗa da bakina ta bi.

Na ce wa Malam Ya'u, "Mota. Yanzu."

A hanya yaron ya sanƙare sau ɗaya. Idonsa ya juye, hannunsa ya murɗe. Malam Ya'u ya yi ta salati. Na juya shi gefe na riƙe kansa har ya saki. Direban ya waiwayo ya tambaya ko a juya gida. Na ce ya tuƙa.

Malam Sabo ya sa masa ma'aunin zafi a hammata, ya duba, bai faɗa mana ba. Ya karɓi fitsarin a 'yar kwalba ya aika ɗakin gwaji. Sannan ya ce, "Ya shanye maganin?"

Na faɗa masa gaskiya. Ya maimaita.

"Yara bakwai."

"Bakwai."

"Sarkin aska, alewa na ba ka?"

Malam Ya'u ya ce, "Malam, da ya sha duka da hakan ba ta faru ba?"

Ya ce, "Ba zan rantse maka ba. Wani yana sha ya kamu, wani bai sha ba ya tsira. Amma abu ɗaya muka iya sa wa tsakaninsa da ciwon nan, kun raba shi. Yanzu ya wuce mafitsara, yana ƙoda. Na sha ba zai zauna a cikinsa ba, amai yake. Allura yake so."

Allurar babu a asibiti. Babu a kemis ɗin garin. Aka ba Malam Ya'u takarda ya shiga motar Kano. Aka sa wa yaron ƙarin ruwa, aka ba ni tsumma da bokiti aka ce in riƙa goge masa jiki. Uwarsa tana zaune a ƙasa ta ƙafar gado ta rufe fuska. Ni ina ta kai. Na jiƙa tsumma na ɗora, kafin in juya ya yi ɗumi. Duk motar da ta tsaya a waje sai na ɗaga kai. Azahar ta wuce. La'asar ta wuce. Yaron ya daina kuka, kuma shirun ya fi kukan muni. Ya buɗe ido sau ɗaya ya ce, "Baba Wanzam, za a sake sa min tiyo?" Na ce a'a. Ban sani ba, na dai faɗa.

Na yi wa yara kaciya da ba zan iya ƙirgawa ba. Babu wanda ya taɓa mutuwa a hannun babana. Abin da nake ta juyawa ke nan ina matse tsumma.

Ana kiran magariba Malam Ya'u ya shigo da ƙunshi a aljihun gaba, hannunsa dafe a kai. Aka yi allurar farko.

Kwana biyu ba abin da ya canza. Zazzaɓi ya sauka da safe ya dawo da rana. Malam Sabo ya ba ni aiki, ina ji don kada in tsaya masa a ka. Duk fitsarin da yaron ya yi in kai masa ya gani. Na koyi kallonsa kamar yadda nake kallon jinin ƙaho. Rana ta farko kauri da wari. Ta biyu haka. Ta uku na ga kamar ina hango gindin fo ta ciki, ban yarda da idona ba, na kai masa. Ya karkata shi wajen taga.

"Ya fara," ya ce. Ya ci gaba da rubutunsa.

Rana ta huɗu Hamisu ya nemi ƙosai.

Da za a sallame mu likita ya sake rubuta na sha, na kwana bakwai, don a ƙarasa kashe ciwon. Dama Malam Ya'u ya haɗo shi da allurar tun daga Kano, yana ajiye a wurin Malam Sabo. Malam Sabo bai ba uban ba, bai ba uwar ba. Ni ya ba.

"Sa a zabirarka. In ya dawo min karo na uku, ba na jin ƙodar za ta ɗauka."

Na bar askin kasuwa, na bar ƙaho. Na shimfiɗa tabarma a zauren Malam Ya'u. Ranar fita ba ta yi ba, saboda haka Hamisu ya koma ɗaki cikin sauran. Washegari da safe na shiga da zabira a kafaɗa. Na durƙusa, na girgiza kwalba, na cika cokali na ba shi. Na rufe. Yaran shida suna kallona. Ƙaraminsu ya matso da gindi, karan yana tsakanin gwiwarsa, ya buɗe baki yana jira. Na mayar da kwalbar zabira na ɗaure.

Goggo Dije tana bakin ƙofa da ƙwaryar kunu.

"Wanzam, a gidana za ka ba ɗaya ka hana shida?"

"Eh."

"Yaro ya buɗe maka baki kana kallo?"

"Ina kallo."

"Ubanka bai taɓa yin haka ba."

"Ubana bai taɓa ganin roba ba."

"To ɗiga masa ko a harshe ne. Ɗigo ɗaya me zai rage?"

"Ba zan ɗiga ba, Goggo."

Yaron ya fashe da kuka, biyu suka taya shi. Ta ajiye ƙwaryar ta ɗauke shi ta rungume. Ta ce, "Ni ka mayar mai laifi a gaban jikokina ko? Ce musu kake ni na kwantar da Hamisu."

Na ce, "Ni na kwantar da shi. Ni ban faɗa miki ba."

Ba ta ji wannan ba, ko ta ji ba ta so. Malam Ya'u yana tsakar gida yana jin mu. Da yamma na sake shiga na yi yadda na yi da safe. Kwana bakwai haka. Na sayo wa sauran rake a rana ta biyu, suka sha, amma ba rake suke kallo ba, kwalbar suke kallo. Tuwon da ake kawo min zaure ya koma ba miya sosai. Matan gidan suka daina amsa gaisuwata. Da zabirar nake shiga masallaci, da ita nake zagayawa bayan gida. Cokali na ƙarshe na karkata kwalbar har ta daina ɗiga, na ba shi, na duba fitsarinsa a haske. Fari tas. Na ɗaure tabarmata a keke.

Yanzu abubuwa sun sake. Tun da aka kawo Shari'a an rage kiɗa da taron fitar kaciya, mutane da yawa kuma tun yaro yana jariri suke yi, wasu a asibiti. Ɗakin yara bakwai ya yi wuyar gani. Na ji ma an ce likitocin yanzu ba kowane yaro suke ba magani ba in an cire roba, sai sun duba kwanakin da ta yi da yanayin yaron. Wannan aikinsu ne, ban sa baki ba. Nawa shi ne in sun bayar, na wanda aka ba ne, har ya ƙare. Kuma ko sun bayar ko ba su bayar ba, yaron da aka cire wa roba ka sa masa ido mako guda. Zafin jiki, amai, kuka wajen fitsari, fitsari mai kauri ko wari, ciwon kwiɓi. Ka ga ɗaya, kada ka jiƙa saiwa, kada ka jira gobe. Mota.

Goggo Dije ta faɗa min magana ranar da zan tafi. Ta fito har ƙofar gida, abin da ba ta yi. Ta ce muddin tana numfashi askata ba za ta sake taɓa yaro a ƙauyen ba, don mai hana yaro abu a ɗakin kaciya ba wanzami ba ne. Sanyin da ya biyo baya wani wanzami suka kira daga wajen garin Jama'a. Ta rasu da daɗewa, Allah ya jiƙanta, amma har yau ba a sake kirana can ba. Gidaje ne da kakana ya yi wa aiki, babana ya yi. A hannuna suka fita.

Hamisu yana nan. Yana lodin hatsi a kasuwar Gwarzo, buhu guda yake ɗauka a ka. Ƙodarsa biyu.